Waiwaye: Yadda Aka Sha Tauye Mudun Auna Katin Hoton Kwamfuta

Tun shekarar 1996, lokacin da kamfanin 3dfx ya fitar da katin Voodoo, masu wasannin kwamfuta suke auna ƙarfin katin hoto (na'urar da ke cikin kwamfuta mai zana abin da ake gani a allo) da mudu ɗaya, wato yawan hotunan da yake zanawa cikin daƙiƙa guda. Da 3dfx ya durƙushe, Nvidia ya sayi kadarorinsa a ƙarshen 2000, sai fagen ya koma hannun Nvidia da ATI, wanda AMD ya saye a 2006.

Ba a je ko'ina ba kamfanonin suka gane cewa wanda ya san sirrin mudu yana iya tauye shi. A 2001 masu gwaji sun sauya harafi biyu kacal a sunan wasan Quake III, suka mayar da shi Quack, sai katin Radeon 8500 na ATI ya rage gudu, hoton kuma ya ƙara kyau. Ashe manhajar katin tana gane wasan ne da sunansa, ta rage ingancin hoto a ɓoye domin lambar ta tashi. A 2003 kuma kamfanin Futuremark na ƙasar Finland ya zargi Nvidia da irin wannan algus a 3DMark03, manhajarsa ta gwada ƙarfin katin hoto, ko da yake daga baya Futuremark ya sassauta kalamansa.

Gyara mafi muhimmanci, a ganina, ya zo ne a 2011, lokacin da Scott Wasson na shafin The Tech Report ya nuna cewa lambar yawan hotuna a daƙiƙa tana ɓoye aibu. Kati yana iya zana hoto 60 a daƙiƙa, amma idan guda ɗaya ya makara sosai, mai wasa zai ga motar da yake tuƙawa ta ɗan cije kafin ta ci gaba, alhali lissafi bai nuna komai ba. Daga nan aka koma auna lokacin da kowane hoto yake ɗauka.

Yanzu rigimar ta sake salo. A watan Janairun 2025, a birnin Las Vegas, shugaban Nvidia Jensen Huang ya ce katin RTX 5070 na dala 549 zai yi aikin RTX 4090, wanda ya fito kan dala 1,599. Lissafin ya dogara ne kan fasahar DLSS, wadda ke ƙago hotuna har uku ta cusa su tsakanin na ainihi, kuma da masu gwaji suka kashe ta, ƙaramin katin bai ko kusanci babban ba.