Desibel: Me Ya Sa 85 Ba Kashi 85 Cikin Ɗari Ba Ne

Ranar 3 ga watan Maris, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta keɓe domin lafiyar ji, kalmar desibel, wato ma'aunin ƙarfin sauti, ta sha yawo a gidajen rediyo. Tun kafin nan ma ta riga ta shigo aljihun mutane, domin wayoyin yanzu kan fito da gargaɗi idan ka matsa murya da iyafis a kunne, wasu har da lamba da haruffan dB a gefenta. A wani shirin safe na ji mai gabatarwa, da kyakkyawar niyya, yana shaida wa masu sauraro cewa likitoci sun hana wuce desibel 85, wai ma'anarsa kashi 85 cikin ɗari na ƙarar na'ura, don haka a haƙura da ɗan 15 ɗin da ya rage. Maganar ta tsaya mini a rai. Duk wanda ya ji ta zai tafi yana ganin tsakanin 85 da 100 taku ɗaya ne, alhali a wannan ɗan tsakanin ne kunnuwa ke lalacewa.

Desibel ba kaso ba ne, kuma bai ƙare a 100 ba. Injin jirgin sama, in kana tsaye kusa da shi, yana haura 130. Sifiri ma ba shiru ba ne, shi ne mafi ƙanƙantar sautin da lafiyayyen kunnen matashi ke iya kamawa. Hirar mutum biyu a zaure tana wajen 60. Lambar nan kuwa da ke hawa daga 0 zuwa 30 a fuskar MP3 ba ta da wata alaƙa da desibel, matakala ce kawai da kamfani ya yanka yadda ya ga dama, kuma 20 na wannan na'ura ba 20 na waccan ba ne.

Asalin kalmar daga wayar tangaraho da tarho yake. A farkon ƙarni na 20, injiniyoyin tarho a Amurka da Ingila suna da matsala guda: murya tana raunana gwargwadon tsawon igiyar da ta bi. Sai suka riƙa auna asarar da mil, su ce wannan layi ya cinye murya kamar mil kaza na igiyar da aka ɗauka a matsayin ma'auni. A 1924 kamfanin tarho na Bell ya sauya wannan da sabon awo, a 1928 aka raɗa masa suna desibel domin tunawa da Alexander Graham Bell, wanda ya yi rajistar tarho a 1876, ya rasu a 1922. "Bel" daga sunansa ne, "desi" kuwa ɗaya bisa goma. Abin da ke taɓa ni a tarihin mutumin nan shi ne, kafin tarho malamin kurame ne. Mahaifiyarsa ta rasa ji, matarsa Mabel ma kurma ce tun tana ƙarama. Mutumin da ya san kurumta a cikin gidansa, da sunansa ake auna abin da ke kurmantar da mutane yau, kuma ina ganin wannan kaɗai ya isa a riƙe kalmar da mutunci.

Tun daga can desibel awon kwatanci ne: wannan ya ninka wancan sau nawa? Ba ya tafiya da ƙari, da ninki yake tafiya, kuma a nan ne kan mutane ke ɗaurewa. Duk ƙarin desibel 3, ƙarfin sauti ya ninka biyu. Duk ƙarin 10, ya ninka goma. Ɗauki mudu ka gwada. A 85 ana zuba wa kunnenka mudu ɗaya. A 88 mudu biyu, a 91 huɗu, a 94 takwas, a 97 sha shida, a 100 mudu 32. Ɗan 15 ɗin nan da aka ce a haƙura da shi, ashe ninki talatin ne da ɗoriya. Shi ya sa cibiyar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka, NIOSH, ta ce ma'aikaci na iya yini awa 8 a cikin 85, amma a 88 awa 4 ne, a 91 awa 2, har a zo 100 inda abin ya koma minti 15. Raba minti 480 gida 32 ka gani, 15 zai ba ka.

Juya lissafin kuma ka ga wani abin. In janareto ɗaya yana ba da 80, maƙwabci ya tayar da irinsa a gefe, ba 160 aka samu ba, 83 ne. Kunne ma ba ya jin ninkin yadda yake: sai ƙarfi ya ninka goma kafin mutum ya ji kamar ƙarar ta ninka biyu. Wannan shi ne haɗarin. Kai kana ganin ɗan ƙari ka yi, kunne kuwa kaya aka jibga masa. A can cikin kunne, bayan dodon kunne, akwai wani gurbi mai siffar katantanwa da ke ɗauke da ƙananan ƙwayoyi masu gashi kimanin 16,000, su ke mayar da girgizar iska ta zama abin da ƙwaƙwalwa ke ji. Wadda ta mutu a cikinsu ba ta sake tsirowa. Ƙugin nan da mutum ke ji a kunne bayan ya baro gidan biki, ko bayan ya yini a gindin injin markaɗe, kukansu ne.

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan ma ɗan yayata ne. Ya sayo wata ƙaramar MP3 ta hannu, irin waɗanda ake cewa 'yan Landan, yana sauraren karatu da waƙoƙi a hanyar makaranta. Ya zo mini ransa a ɓace.

"Kawu, an cuce ni. Jabu ce. Na kai ta ƙarshe amma kamar ana raɗa."

"Bari mu gani tukuna, ɗana. Kada ka ɗauki alhakin mai kaya."

Ba jabu ba ce, kayan Turai ce, kuma kayan Turai da linzami suke zuwa. Faransa ta kafa doka tun 1996 cewa na'urar sauraro ta aljihu kada ta wuce desibel 100, har a 2002 sai da kamfanin Apple ya janye na'urarsa ta sauraro, iPod, daga kasuwar ƙasar na ɗan lokaci ya gyara manhajarsa. A 2006 kamfanin ya ƙara wani saiti da iyaye za su iya kulle iyakar ƙara da lambar sirri. Daga 2013 kuma ƙa'idar Tarayyar Turai ta ce na'ura ta fito daga kwali a tsaye kan 85. Mai ita na iya amincewa da gargaɗi ya haura zuwa 100, amma bayan kowace awa 20 ta sauraro sai an sake tambayarsa. Sony ma, a na'urarsu ta sauraro Walkman, sun daɗe da sa wani abu mai suna AVLS, wanda in yana kunne ƙarar ba ta wuce wani mataki ko ka danna har yatsa ya gaji. Kayan da suka ratso Turai suka sauka a kasuwannin wayarmu da wannan linzami suke isowa, mai saye bai sani ba, sau da yawa mai sayarwa ma bai sani ba.

Na ji masu cewa wannan rainin wayo ne, wai an hana mutum cin moriyar kuɗinsa. Ban yarda ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa sama da biliyan ɗaya na cikin haɗarin rasa ji saboda yadda suke sauraro, kuma shawararta ga babba ita ce desibel 80 na awa 40 a mako. Wanda ya sa linzamin nan ya fi mai sayar maka da manhajar ƙara murya ƙaunarka. Waɗannan manhajoji da ake kira busta ba sa ƙara wa na'ura ƙarfin da ba ta da shi. Tura sautin suke yi har ya bugi rufi, su aske masa kai, shi ya sa kake jin ganga na tsagewa, muryar mai karatu na karkarwa. Sifika ta lalace, kunne ya biyo baya.

Kuma mafi yawan lokuta ƙarancin murya ba daga linzamin yake ba. Ragar da ke bakin iyafis takan toshe da dattin kunne da ƙura, busasshen buroshin haƙori ya ishe ta. Ramin da ake soka iyafis yakan cika da audugar aljihu har kan ya kasa shiga duka. In ta Bluetooth ne, maɓallin murya biyu ne, na na'ura da na abin kunnen, ɗaya na iya zama a ƙasa. Wani lokaci kuma fayil ɗin ne aka ɗauka da rauni, kamar tafsirin da aka naɗa da waya daga sahun baya, don haka gwada wani kafin ka zargi na'ura. Sai maganar om, wato nauyin da abin kunne ke ɗora wa na'ura: ƙananan iyafis kan tsaya tsakanin om 16 da 32, manyan hedifon na ɗakin naɗar sauti kuwa akwai masu 250, akwai masu 600. Ƙaramar MP3 ba ta da wutar jan waɗannan, kamar a ɗaura wa ɗan maraƙi garmar shanu ne.

Ta ɗan yayata abu biyu ne suka haɗu. Ragar iyafis ɗinsa ta toshe, sannan irin mai faɗin nan ne da ke zama a bakin kunne ba ya rufe shi. A cikin a-daidaita-sahu, ga ƙugin inji ga hon, hayaniyar titi ce ke danne karatun, shi kuma yana neman ya danne ta da ƙara. Muka goge ragar, muka sayo masa mai robar da ke shiga ta toshe kunne. Linzamin ban taɓa shi ba, yana nan a 85. Washegari da ya dawo daga makaranta na tambaye shi.

"Yaya muryar yau?"

"Kawu, sai da na rage ta ma."