Tambayoyin waya da na gaji da amsawa

Duk wanda aka sani da harkar waya a Kano ya san wannan jarabar. A wajen ɗaurin aure, a bakin masallaci, har a zaman makoki sai wani ya matso ya miƙo maka waya ya ce "ɗan duba min." Tambayoyin kuma ba sa canjawa. To ga amsoshin na tara wuri guda, duk wanda ya sake tambaya wannan zan tura masa.

Tecno da Infinix, wacce ta fi?

Gidansu ɗaya. Kamfanin Transsion da ke Shenzhen a ƙasar Sin shi ke yin Tecno da Infinix da itel. Duba aljihunka ka zaɓa, a bar musun nan na majalisa haka.

An rubuta RAM 8+8 a jikin kwali, 16 ke nan?

Takwas ce. RAM ita ce ƙwaƙwalwar da waya ke gudanar da manhajoji da ita. Ɗayar takwas ɗin daga ma'ajiyar wayar ake aro ta, kuma ba ta kama ƙafar ta ainihin a sauri ba. Kada ka ƙara ko sisi saboda ita.

Lallai sai na sayi mai 5G?

Ba lallai ba. MTN ya fara 5G a 2022 kuma Kano na cikin biranen farko, Airtel ya biyo baya a 2023. Amma ba kowace unguwa ta samu ba. In a ɗakinka sai ka leƙa taga kafin saƙo ya tafi, 5G ba ita ce matsalarka ba.

Datata na saurin ƙarewa, sace min ake yi?

Kuɗin dai ya ƙaru, wannan gaskiya ne: a Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari. Amma Hajiya, ki faɗi tsakaninki da Allah awa nawa kike yi a TikTok. Ga gurup na dangi da na islamiyya da na 'yan adashe, kowane bidiyo aka turo sai ya sauka da kansa. Ga yara sun san lambar hotspot ɗinki. Ki shiga saitin WhatsApp ki hana bidiyo sauka sai kin taɓa, ki canja lambar, ki riƙa duba ragowar da *323#, sannan mu yi maganar sata.

Ina son waya ta hannu, musamman iPhone. Ta yaya zan kauce wa ta sata ko mai ɓoyayyar cuta?

A nan zan ɗan zauna, don a nan ne mutane suke kuka. Kuma in faɗa tun da wuri: babu dabarar da za ta ba ka tabbaci gaba ɗaya. Abin da zan lissafa rage haɗari kawai yake yi.

Inda ka saya ya fi wayar kanta muhimmanci. Mai shago a Farm Centre ko Beirut Road, wanda in ka dawo jibi za ka tarar da shi a kujerarsa, daban yake da yaron da zai tare ka a bakin titi ya ce "Yallaɓai, kuɗin mota nake nema, kawo ko nawa." Kowa ya san yadda ƙwacen waya ya addabi garin nan. Wayar da aka ƙwace ba ɓacewa take yi ba, hannu take canjawa, kuma ranar da aka bi sawunta wanda aka samu riƙe da ita shi zai fara bayani a caji ofis. Karɓar kayan sata laifi ne a doka, kuma "wallahi saya na yi" ba ta fitar da mutum in ba shi da takarda. Saboda haka ka danna *#06#, lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar, mai alƙaluma 15 za ta fito. A rubuta ta a risiti mai sunan shago da lambar mai shagon. In ya fara cewa "haba, ai mu 'yan'uwa ne, meye na risiti," mayar da kuɗinka aljihu.

Sai dai kada ka ɗauki kwali a matsayin shaida. Yawancin waɗanda ake kira Landan yus ba sa zuwa da kwali kuma ba na sata ba ne, sannan kwalin ma ana buga shi. In akwai, lambar jikinsa ta dace da ta wayar. In babu, risitin ya zama dole ninki biyu.

Sai maganar makulli. A iPhone, ka sa mai sayarwa ya fita daga iCloud ɗinsa, wato asusunsa na Apple, a gabanka, ya goge wayar tas, ka kunna ta daga farko da layinka a ciki. In ta tsaya tana neman adireshi da kalmar sirrin wani, magana ta ƙare. Za a ce maka akwai yaron da zai buɗe ta a bayan kasuwa. Wani lokacin yakan yi abin da zai sa ta shiga, amma sau da yawa ranar da ka goge ta ko ka sabunta manhajarta makullin zai dawo, wata ma ba za ta ƙara karɓar layi ba. Android ma haka take da asusun Google. Akwai kuma wayoyin da ake ɗauka bashi ana biya kaɗan-kaɗan, irin na M-KOPA da Easybuy. In wanda ya ɗauka ya sayar maka ya daina biya, a hannunka za ta kulle. Ka tambaya kai tsaye, kuma a rubuta amsar a risitin.

Yanzu ga wadda ta fi ba ni haushi: wayar da aka canja wa riga. A ɗauki iPhone XR ta 2018, a sa ta a jikin sabon samfuri mai idon kyamara uku. Daga nesa sai ka rantse sabuwar fitowa ce. To XR kyamara ɗaya gare ta a baya, sauran idanun biyu ado ne. Ka buɗe kyamarar ka riƙa rufe idanun da yatsa ɗaya bayan ɗaya, za ka ga ɗaya ne kaɗai ke sa hoton ya yi duhu. Ka shiga Settings, General, About, ainihin sunanta na nan. In mai shago ya gaya maka gaskiya kuma ya yi maka kuɗin da ya dace, ba ruwana, wasu don kwalliyar suke saya. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne a karɓi kuɗin doki a ba ka jaki da sirdi.

A wannan shafin na About ɗin, ka gangara ka ga an rubuta No SIM restrictions, in ba haka ba a ɗaure take da wani kamfanin layi na waje. A nan ne kuma wayoyin da ba su tsufa sosai ba suke nuna ko an canja musu sikirin ko batir. Canji ba aibu ba ne in an faɗa kuma an rage kuɗi. Ka kuma sani cewa iPhone ɗin Amurka daga 14 zuwa sama ba ta da gidan layi, sai eSIM, wato layin da ake sa wa waya ba tare da kati ba. MTN da Airtel suna yi. In ka ga ta Amurka da gidan layi, to hannu ya shiga cikinta.

Lafiyar batir kada ta yi ƙasa da kashi 80. Amma shi ma wannan adadin ana wasa da shi. Wayar da ta shekara biyar ta nuna maka 100, to ko an canja batirin ko an yi masa dabara. Kunna bidiyo na minti goma ka ga nawa ya sauka, ka ji ko bayanta ya ɗau zafi. Ka yi kira ka ji sifika, ka gwada Face ID, ka jona caja, ka buɗe farin shafi ka duba tabo a sikirin. Kada ka ji kunyar ɓata wa mai shago lokaci, kuɗinka ne. Ka nemi ya ba ka kwanakin gwaji a rubuce.

Bayan duk wannan, tana iya ba ka matsala bayan wata biyu, kuma ba lallai mai shagon ya cuce ka ba, kayan hannu ne. In kuɗin nan shi ke nan gare ka, ni dai da sabuwar Android dal a kwali zan ba ka shawara, mai garanti, wadda in ta lalace za ka kai Carlcare, wurin gyaran su Tecno da Infinix, ko ofishin kamfaninta. In kuma zuciyarka ta nace sai mai tambarin tuffa, ka tafi da wanda ya sani, ka biya shi la'adarsa.

Ta faɗa ruwa, in tura ta cikin shinkafa?

Shinkafar ta tuwo ce. Apple ma da kansu sun ce a daina. Kashe ta, kada ka jona caji, kai wa mai gyara yau ba gobe ba.

Me ya sa batirina ya kumbura?

Zafi. A watan Afrilu garin nan yana haura digiri 40, kai kuma ka jona ta da cajar ɗari biyar, ka tura ƙarƙashin filo kana kallon ƙwallo. In bayanta ya ɗaga, daina amfani da ita nan take, a canja batirin. Kada ka danna shi da hannu wai ya koma.

Wani ya kira ya ce in karanto masa lambobi shida na WhatsApp da suka shigo min, wai don taron gurup.

Kin ba shi? In ba ki ba shi ba, alhamdulillahi, toshe lambarsa. In kin ba shi, kwantar da hankalinki, ba ke ce farau ba. Sake shigar da lambarki a WhatsApp, sababbin lambobi shida za su zo, ki sa su, shigarki ita ce fitarsa. In ya riga ya sa nasa makullin, za ki jira kwana bakwai. Kafin nan ki sanar da dangi kada kowa ya tura kuɗi da sunanki. Da kin dawo ki kunna tabbatarwa mai mataki biyu, wato ki sa naki makullin na sirri. Shekara nawa ina faɗar wannan.

GB WhatsApp fa?

Goge shi. Ba na kamfanin ba ne, kuma suna rufe lambar da suka kama da shi.

An ƙwace min waya, me zan fara yi?

Layin kafin wayar. Da layinka ake shiga asusun bankinka, don haka ari waya ka kira banki su tsayar da asusun, ka sa kamfanin layi ya toshe shi, sannan ka kai rahoto wajen 'yan sanda da lambar IMEI ɗin da na ce ka ajiye. Layin za a dawo maka da shi da NIN ɗinka. Ku da ba a ƙwace wa ba, ku sa wa layinku PIN tun yanzu, amma ku nemo katin da layin ya zo a ciki tukuna, don in kuka kuskure sau uku sai da lambar PUK da ke jikinsa. Kuma don Allah, in an zaro maka makami, miƙa wayar.

Nawa ake sayar da iPhone 13 yanzu?

Farashin dala yake bi, na safe daban na yamma daban. Je Farm Centre ka tambayi shago uku.