Waiwaye: Yadda Rijiyoyin Iskar Gas ta Dutsen Shel Suka Zama Maƙwabtan Jama'a

Masana ƙasa sun daɗe da sanin cewa akwai iskar gas maƙare cikin dutsen shel, wato dutsen da ya samu daga daskararren laka, amma ba ta zama hajar kasuwa ba sai a 1998, lokacin da kamfanin George Mitchell ya gano a yankin Barnett na jihar Texas cewa ruwa mai yawa da yashi da ɗan sinadari, idan aka tura su da ƙarfi, suna tsaga dutsen ba tare da kashe kuɗi mai yawa ba, dabarar da ake kira fasa dutse. Da kamfanin Devon Energy ya sayi kamfanin Mitchell a 2002, sai aka haɗa wannan dabara da haƙar da ke lanƙwasawa ta bi dutsen a kwance, rijiyoyi suka bazu har cikin unguwannin birnin Fort Worth.

Da farko muhawara ta fi karkata ga abin da ke faruwa a ƙarƙashin ƙasa, musamman bayan dokar makamashi ta Amurka ta 2005 ta cire fasa dutse daga sa idon dokar tarayya ta kare ruwan sha. Shi kuwa wanda gidansa ke daura da filin haƙa, damuwarsa a sarari take: gonar da aka share aka malale da tsakuwa, ɗaruruwan manyan motoci ɗauke da ruwa da yashi suna ragargaza hanyar ƙauye, fitilu masu kashe ido har wayewar gari, da injinan matsa iskar gas da ba sa hutawa dare da rana. Haƙa da fasawa kan ƙare cikin makonni, amma injinan da tankuna da bututai sukan zauna shekara da shekaru.

Ruwan da ke dawowa daga rijiya shi ne ya fi ba hukumomi wahala, domin gishirinsa ya ninka na teku, kuma yakan fito da ƙarafa masu guba. A jihar Pennsylvania, inda aka fara haƙar dutsen shel na Marcellus a 2004, an yi ta tara shi a buɗaɗɗun tafkuna, ana kuma kai shi matatun ruwan garuruwa waɗanda ba a gina su don irinsa ba, har hukumar muhalli ta jihar ta nemi a daina a 2011. Daga nan aka koma sake amfani da shi da adana shi a rufaffun tankuna. Jihar Oklahoma ta fi dogaro da ɗura irin wannan ruwa a rijiyoyi masu zurfi, sai girgizar ƙasa ta yawaita, har aka yi mai ƙarfin maki 5.8 a Pawnee a 2016. Ta fuskar iska kuma, a 2012 hukumar muhalli ta tarayya ta wajabta kama iskar gas da ke fita daga sabuwar rijiya maimakon sakinta.

A ganina, asalin taƙaddamar ita ce wa ke da ikon cewa ga inda za a kafa fili, ga kuma tazararsa da ƙofar gidan mutum. Dokar Pennsylvania ta 2012 ta sanya tazarar ƙafa 500 daga gine-gine da kuɗin diyya ga yankunan da ake haƙa, amma ta ƙwace wa ƙananan hukumomi ikon tsara filayensu, sashen da kotun ƙolin jihar ta soke a 2013. Mutanen garin Denton na Texas sun kaɗa ƙuri'ar hana fasa dutse a 2014, majalisar jihar ta rushe hukuncinsu a shekarar da ta biyo baya. Colorado ta bi wata hanya, inda tun 2021 ta faɗaɗa tazarar zuwa ƙafa 2,000.

A Ingila ma kan haka aka kara. Majalisar gundumar Lancashire ta ƙi amincewa da filayen kamfanin Cuadrilla biyu a 2015, ɗaya saboda ƙara da ɓata fuskar yankin, ɗaya saboda cunkoson manyan motoci a ƙananan hanyoyi, amma gwamnatin Birtaniya ta ba ɗaya daga cikinsu, filin Preston New Road, izini a 2016. Alƙawarin fam 100,000 ga al'ummar kowane fili bai kwantar da hankalin mazauna ba. Ƙa'ida ta ce a tsayar da aiki da zarar girgizar ƙasa ta kai maki 0.5, a watan Agustan 2019 aka yi ta maki 2.9, kuma a Nuwamban shekarar gwamnati ta dakatar da fasa dutse a Ingila.