Ciwon damuwa: inda ya rabu da damuwar jarrabawa

A Hausa kalma ɗaya muke yi wa abu biyu. Wanda aka sace wa waya yana cikin damuwa, wanda ya yi wata biyu bai ji daɗin komai ba shi ma "damuwa ce". Likitoci sun raba su. Ciwon damuwa shi ne mutum ya kai aƙalla mako 2, kusan kullum, zuciyarsa a cunkushe, ko abin da a da yake faranta masa rai ya fita daga ransa. Barci da cin abinci su rikice, ya kasa tattara hankalinsa, ya riƙa ganin kansa ba shi da amfani.

Ɗaliban shari'a sun fi kowa iya ɓoye shi, domin karatun nasu ya ba su uzuri. Shekara 5 a jami'a, sannan Makarantar Horas da Lauyoyi, ko a Bwari, ko Bagauda, ko Yola, inda darussa 5 ke jiran mutum a jarrabawar ƙarshe. Kowa a gajiye yake, kowa ya rame. To wa zai lura da wanda ya buɗe littafi tun bayan isha'i, har asuba yana shafi ɗaya, shinkafarsa ta huce a gefen gado? Ga waya daga gida, inna tana cewa "Barista, ya karatu?" Tun ba a ba shi hular ba an ɗora masa sunan, shi kuwa sai ya ce lafiya lau.

Ga ma'aunin da na fi yarda da shi. Fargabar jarrabawa tana tafiya da jarrabawa: an fito daga zaure, an ci abinci, an yi barci. Ciwon damuwa yana bin mutum har hutu.

Masu cewa "raki ne" ko "ka dage da addu'a" ba mugunta suke nufi ba. Addu'a da magani ba kishiyoyi ba ne, mai zazzaɓi ma yana haɗa su. Abin da ke hana zuwa asibiti tsoron a ce mutum ya taɓu ne, har ambaton Dawanau, inda asibitin masu taɓin hankali yake, ya zama zagi a Kano. Ita kanta dokar ƙasa da sunan hauka ta riƙa kallon lamarin tun 1958, sai a Janairun 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbinta. Maganin kuwa ba lallai a kwantar da mutum ba: yawanci zama ne da ƙwararre a tattauna, wani lokaci a haɗa da ƙwaya.