Aika hoto zuwa Google Cloud Vision ta laburaren Python: tambayoyi da amsoshi

Me Cloud Vision yake yi?

Hidima ce ta Google da aka buɗe wa jama'a a 2016. Kai ne za ka tura hoto ta intanet, kwamfutocin kamfanin su duba shi, su dawo maka da bayani a rubuce: abubuwan da ke cikin hoton, rubutun da ke jikinsa, tambarin kamfani, sanannen gini, ko inda fuska take. Ba a kan na'urarka ake yin aikin ba, saboda haka ko tsohuwar kwamfuta ta isa, muddin akwai data. Amazon ma na da irinsa mai suna Rekognition, amma a nan na Google za mu bi.

Tunda ana iya tura buƙata kai tsaye, mene ne amfanin laburare?

Ana iyawa, sai dai da wahala. In ka ce da hannu za ka yi, dole ka mayar da hoton rubutu ta tsarin base64, wanda ke ƙara masa nauyin kusan kashi ɗaya cikin uku, ka shirya buƙatar a tsarin rubuta bayanai da ake kira JSON, ka nemo shaidar shiga, ka riƙa sabunta ta duk sanda ta ƙare. Laburaren, wato tarin umarnin shiri da aka riga aka rubuta don ka yi amfani da shi a naka shirin, shi ke ɗauke maka wannan ɗawainiya. Google ya tanade shi a Python, Java, Node.js, Go, PHP, Ruby da C#. A ganina, in dai ba koyon yadda abin ke tafiya ta ƙarƙashi kake son yi ba, babu dalilin wahalar da kai.

Ta ina zan fara?

Ka buɗe aiki a Google Cloud, ka kunna Vision API, ka haɗa shi da asusun biyan kuɗi. Sai ka girka laburaren da `pip install google-cloud-vision`. Ga iyakar abin da ake buƙata:

`from google.cloud import vision`
`client = vision.ImageAnnotatorClient()`
`hoto = vision.Image(content=bayanai)`
`amsa = client.label_detection(image=hoto)`

Kalmar `bayanai` a nan ita ce abin da ke cikin fayil ɗin hoton da ka karanto. Sakamakon yana cikin `amsa.label_annotations`, wato sunayen abubuwan da ya gani a hoton, kowane suna da makinsa tsakanin 0 da 1 mai nuna yawan tabbacinsa. In rubutu kake son cirowa, sai ka canza zuwa `text_detection`, ko `document_text_detection` idan takarda ce mai cunkoson rubutu kamar rasit ko shafin littafi.

Ban ga inda aka sa kalmar sirri ba. Yaya ya san ni ne?

A nan ne sababbin shiga suka fi maƙalewa. Laburaren da kansa yake neman shaidarka a cikin na'urar. Hanya mafi sauƙi a kwamfutarka ita ce ka girka gcloud, manhajar ba da umarni ta Google Cloud, ka buga `gcloud auth application-default login`, burauza ta buɗe, ka shiga da asusunka, shi ke nan. Ɗaya hanyar kuma ita ce ka sauke makullin asusun hidima, wani ɗan fayil na JSON, ka nuna inda yake ta wani saiti na kwamfutarka mai suna `GOOGLE_APPLICATION_CREDENTIALS`.

Wannan fayil kamar makullin shagonka yake. Duk wanda ya same shi zai yi aiki da sunanka, kai ka biya. Kada ka ɗora shi a GitHub, shafin da masu rubuta manhaja ke ajiye ayyukansu, kada ka tura wa aboki ta WhatsApp, kuma kada ka cusa shi cikin manhajar Android da za ka raba wa mutane, domin ana iya warware manhajar a zaro shi. Abin da ya dace shi ne wayar ta tura hoton zuwa sabarka, sabar ce za ta yi magana da Google. Idan kuma shirin naka a kan Cloud Run, hidimar Google ta gudanar da manhaja a sabarsa, yake gudana, ba ka ma buƙatar fayil ɗin, laburaren zai ɗauki shaidar daga can.

Na tura hoto, shirin bai yi ƙorafi ba, amma amsar ta dawo wayam. Me ya faru?

Duba `amsa.error.message`. Idan matsalar ta hoton ce, misali fayil ya lalace ko an kasa ɗauko shi daga adireshin da ka bayar, laburaren ba ya tsayar da shirin. Cikin amsar yake ajiye kuskuren ya yi shiru, kai kuma ka zaci babu komai a hoton. Ka sa wannan dubawa bayan kowane kira. Shi kansa Google yana gargaɗi a kan dogaro da adireshin hoto na wani shafin daban. Gara ka tura fayil ɗin ko ka ajiye shi a Cloud Storage, ma'ajiyar fayiloli ta Google.

Nawa ake biya?

Dubun farko a kowane wata kyauta ne, daga nan gano sunaye ko karanta rubutu dala 1.50 ne kan kowane dubu. Amma lura, ba hoto ake ƙirgawa ba, aikin da aka yi a kansa ake ƙirgawa. Hoto ɗaya da ka nemi sunaye da rubutu da fuska a kansa ya ci uku. Sannan ƙararrawar kasafi da ake saitawa sanarwa kawai take turowa, ba ta tsayar da caji.

Akwai iyaka?

Hoto kada ya wuce megabait 20, kuma buƙata ɗaya ba ta ɗaukar fiye da hotuna 16. Rage girman hoto kafin turawa, ka huta da ƙonewar data.

Zai gaya mini sunan mutumin da ke cikin hoto? Kuma yana jin Hausa?

Ba ya faɗin ko wane ne. Yana nuna inda fuska take, da alamar murna ko fushi, iyakarsa ke nan. Sunayen abubuwa kuwa da Turanci suke dawowa, sai ka fassara da kanka. Kada ka yi mamaki in ka tura hoton tuwo da miyar kuka ya ce maka abinci ne kawai, don sunayen nasa na gama-gari ne. Idan rubutun Hausa za ka ciro, fara gwada shi da shafi mai ƙ, ɗ da ɓ da yawa, ka kwatanta da na asali layi-layi kafin ka tura masa takardu ɗari biyar.