Fashin baƙi: dokar da ta buɗe wa Filifin kasuwar lantarkin iska

A 2005 manyan fankoki 15 masu samar da lantarki daga iska suka fara juyawa a gaɓar tekun Bangui, lardin Ilocos Norte da ke arewacin tsibirin Luzon na ƙasar Filifin, suna ba da kusan megawat 25. Iska kyauta ce, amma kafa tashar na cin maƙudan kuɗi tun kafin a sayar da wutar ko ta kwabo, kuma banki ba ya ba da rance kan sana'ar da bai san nawa za ta riƙa kawowa ba. Wannan matsalar ce dokar makamashi mai sabuntuwa, mai lamba 9513, ta zo ta magance. Shugaba Gloria Arroyo ce ta sa mata hannu a watan Disambar 2008.

Rangwamen da ta yi ba ƙarami ba ne. Kamfanin da ya yi rajista da ma'aikatar makamashi ba zai biya harajin riba ba har shekara 7, bayan nan kuma kashi 10 cikin 100 kawai zai biya. Zai shigo da injinansa ba kuɗin fito na shekara 10, wutar da ya sayar ma ba harajin VAT a kanta.

Amma zuciyar dokar ita ce tsayayyen farashi. An yi wa mai tashar alkawarin za a sayi wutarsa a kan kuɗi sananne har shekara 20, ko kasuwa ta tashi ko ta faɗi, kuma tasa za a fara ɗorawa kan babban layi kafin ta kwal. Sai a 2012 hukumar kula da farashin lantarki ta yanke kuɗin: peso 8.53 kan kowane kilowat na awa ɗaya. Gurbin kuwa ƙayyadadde ne, wanda ya riga kammala gini shi ke samu. Rige-rigen da ya biyo baya ne ya haifar da tashar Burgos mai megawat 150 a 2014, da wasu a Pagudpud, da Pililla, da tsibirin Guimaras.

To wa ke cike giɓin da ke tsakanin wannan farashi da na kasuwa? Mai amfani da wuta. Tun 2015 ake ƙara wani ɗan kuɗi a takardar kuɗin wutar kowane gida da shago. Ba na ganin laifin tsarin a farkonsa, domin ba don shi ba, da waɗannan tashoshi ba su tashi ba. Sai dai Filifin na cikin ƙasashen Asiya masu tsadar lantarki, don haka bai kamata a ɗora wa talaka wannan nauyi har abada ba. Daga 2022 gwamnati ta koma gwanjo: kamfanoni su yi tayi, mai araha ya samu kwangila. Wannan ya fi adalci.

A shekarar ce kuma aka yi babban sauyi. Kundin tsarin mulkin 1987 ya ce kamfanin da zai ci gajiyar albarkatun ƙasa dole 'yan ƙasa su mallaki aƙalla kashi 60 nasa. Ma'aikatar shari'a ta ba da ra'ayin cewa iska da rana ba sa ƙarewa, don haka wannan ƙa'ida ba ta hau kansu ba, sai ma'aikatar makamashi ta gyara dokokinta a Nuwamba. Yanzu baƙo na iya mallakar tashar iska baki ɗayanta. Filin da ta zauna a kai dai sai haya, kuma idan ƙasar gadon ƙabilun asali ce, dokar 1997 ta wajabta neman yardarsu tukuna.

Idon kowa yanzu na kan teku. Binciken Bankin Duniya na 2022 ya ƙiyasta cewa za a iya samun gigawat 178 (megawat 178,000) daga iskar tekun ƙasar, Shugaba Marcos ƙarami kuma ya ba da umarni a 2023 a daidaita hanyar ba da izini. Burin gwamnati shi ne makamashi mai sabuntuwa ya kai kashi 35 na lantarkin ƙasar a 2030, alhali har yanzu kwal ne ke ba da kusan kashi 60.

A nan aikin ya fi ƙarfin takarda. Ƙasa ce mai tsibirai sama da 7,000, wadda mahaukaciyar guguwa kusan 20 ke shiga yankinta duk shekara. Ana buƙatar injinan da za su jure mata, da tashoshin jiragen ruwa masu iya sauke fukafukai masu tsawon gaske, da layukan da za su kai wutar Manila. Masunta ma na da haƙƙin a tambaye su kafin a killace ruwan da suke kamun kifi.