Waiwaye: Tsadar azurfa ba jiya ta fara ba

Tun da ozar azurfa, wato giram 31.1, ta haura dala 50 a kasuwar duniya cikin Oktoban 2025 ake ta ja-in-ja a Sakkwato. Mai sayen zobe yana zargin maƙeran fari da tsawwalawa, maƙera suna ɗora laifin kan faɗuwar naira, masu ƙididdigar nisabin zakka da dirhami 200, wajen giram 595, su ma lissafi ya sauya musu. Naira tana da nata kaso, amma tushen matsalar ya girme ta.

Farkon labarin sananne ne. A 1545 aka gano dutsen azurfa na Potosi a Bolibiya ta yau, azurfar nahiyar Amurka ta cika duniya. Mu nan, tsabar Mariya Taresa, kuɗin azurfa na ƙasar Ostiriya mai ɗauke da shekarar 1780, ta riƙa shigowa ta Sahara, maƙera suna narkar da ita su yi mundaye da zobba. A shekarun 1870 Jamus da Amurka suka bar azurfa, suka ɗora darajar kuɗinsu kan zinari, darajar azurfa ta zube. Kafin 2025, sau biyu oza ta taɓa kusantar dala 50, a Janairun 1980 da Afrilun 2011, duka biyun kuma ta faɗo.

Faɗuwar da ta biyo bayan 2011 ita ce ba a cika magana a kanta ba. A 2013 oza ta sauko daga wajen dala 30 zuwa ƙasa da 20, kafin ƙarshen 2015 ta kai wajen 14. Mai mahaƙa ba zai daina biyan albashi da man injuna ba, don haka kuɗin binciken sababbin jijiyoyi, wato layukan dutse masu azurfa a ƙarƙashin ƙasa, aka fara yankewa. Aka kuma koma haƙar ɓangaren dutsen da ya fi azurfa don a tsira da riba, aka bar raunanan wurare ga shekarun baya. To, daga gano jijiya zuwa fara haƙa, da gwaji da lasisi da gina injin niƙa, sau da yawa ana cin shekara goma ko fiye. Ramin da ba a nema a 2014 ba, ba zai ba da ko giram ɗaya yau ba. Abin da duniya ke haƙowa ya kai ƙololuwa a 2016, kusan oza miliyan 900, bai sake kaiwa can ba.

Ga wani ƙulli kuma. Kusan kashi 70 cikin ɗari na azurfar da ake haƙowa tsintuwa ce a mahaƙan dalma da tutiya, da na jan ƙarfe, da na zinari. Mai haƙar tutiya farashin tutiya yake kallo. Azurfa ta ninka, zai karɓi ribar da hannu biyu, amma ba zai faɗaɗa rami dominta ba. Shi ya sa tsada take kumbura ribar mahaƙai a Meziko da Peru da Sin, kaya kuwa ba sa ƙaruwa a kasuwa.

Ana cikin haka buƙata ta tashi. Farantin sola, irin waɗanda suka cika rufin gidaje da shagunan cajin waya a garin nan, siraran layukan da ke kan fuskarsa na azurfa ne. Daga 2021 abin da ake amfani da shi duk shekara ya zarce abin da ake haƙowa haɗe da wanda ake sake narkarwa, sai ɗiba ake daga ajiya.

A Najeriya azurfa tana ɓoye ne cikin dutsen dalma, wanda mata suka sani da tozali, a yankin Abakaliki da Zurak ta ƙaramar hukumar Wase. Matatun waje sukan biya wajen kashi 95 cikin ɗari na azurfar da ke cikin tataccen garin dalma, amma sai da takardar gwajin da ke nuna yawan azurfar. Ƙaramin mai haƙa da ya sayar da buhu a kan nauyin dalma kawai, azurfar ciki kyauta ya bayar.